Ankon Tarbar Yariman Malaya

Duk ɗan ƙasarmu da ya zauna a garin Landover na Amurka a shekarun nan bai san Dakta Muntaka ba, gaskiya zaman banza ya yi. Allah ya yi mana baiwa da shi. Ilimi har ya yi masa yawa. Yana ɗan koyarwa a wata kwaleji, sauran rayuwarsa kuma ya sadaukar ga wani littafi da ya fara tun 'ya'yanmu na rarrafe. Yanzu 'ya'yan suna tuƙa mota, littafin yana babi na biyu.

Tarihin Yarima Baharuddin yake rubutawa, wani ɗan sarautar Malaya da ke cikin waɗanda suka zauna da Turawan Ingila suka karɓo wa ƙasarsu 'yanci. Ya yi minista, ya yi jakada, ya tsufa ya koma gida yana kiwon kifi. Lokacin da Dakta yake ɗalibi a Landan ya taɓa ganinsa. Da farko dai cewa yake hannu kawai suka yi. Da aka kwana biyu sai ya zama shayi suka sha. Kafin 1986 labarin ya kai inda Yarima ba ya buɗe baki gaban Bature sai ya waiwayo ya dubi Dakta. Shi ya sa muke kiransa Wazirin Malaya, shi kuma ya ɗaga mana hannu.

"Ku ba za ku gane ba," in ji shi. "Mutanen nan na san su ciki da bai. Sarautarsu da tamu uwa ɗaya uba ɗaya."

Mu kuwa sai gyaɗa kai. Rabinmu ba za su iya nuna Malaya a taswira ba, amma a wurin aiki muna faɗa wa Amurkawa cewa namu ne ya taya su kora Bature.

Kwatsam sai ga labari: Yarima zai zo Washington a duba masa ido, ɗaliban ƙasarsa za su yi masa walimar rana a wani otal. Dakta ya yi alkawarin zai gabatar da mu ɗaya bayan ɗaya, mu ga yadda tsohon abokinsa zai rungume shi. Duk girman da muka ɗora masa, a kan ranar nan ya rataya.

Muka taru a gidan 'yar'uwarmu Kaneng a garin Upper Marlboro, aka ce ba za mu je kamar marayu ba, dole a yi anko. Waziri da kansa ya zaɓi launi. Ya ce duk hoton fadarsu da ya gani, laima ruwan ɗorawa, darduma ruwan ɗorawa, to shi suke so. Aka aiko da shadda daga Kano. Ban taɓa ganin Musulminmu da Kiristanmu sun haɗa kai irin na lokacin ba. Har abokinmu Bartholomew, da bai san komai ba sai kwat, ya koyi naɗe hannun babbar riga.

Ranar muka yi hayar bas, muka sauka a ƙofar otal kamar an zazzage kwandon mangwaro. Shugaban ɗaliban ya fito da murmushi, yana ganinmu murmushin ya gudu. Ya ja Dakta gefe, ya ce a al'adarsu ruwan ɗorawa na sarki ne da jininsa, talaka ba ya sa shi a gaban ɗan sarauta. Dakta ya ce ai ya sani, yana cikin babi na uku. Kaneng ta ce ko mu ɗora kwat a kai, sai aka tuna mata Yuli muke, tsakiyar zafi. Wallahi na ji kunya har tafin ƙafata.

Muna nan cirko-cirko sai ga Yarima ya fito da kansa, ɗan tsoho cikin farar taguwa, yana dogara sanda. Ya dube mu ya yi dariya har da tari. Ya ce a ƙuruciyarsa ya sha wuya kafin ya zaunar da sarakunan ƙasarsu a tebur ɗaya, amma bai taɓa ganin sarakuna sun cika bas ba.

Dakta ya gyara riga, ya matsa gaba ya buɗe hannuwa. "Ranka ya daɗe, Landan."

Tsohon ya kama hannunsa cikin ladabi, ya yarda cewa Landan akwai sanyi. Sannan ya ce, "Mai martaba, mene ne sunanka?"

Muka shiga bas muka kama hanyar komawa. Sai da muka kusa Landover Dakta ya yi gyaran murya, ya ce idon Yarima ya lalace fiye da yadda ya zata. "Amma kun dai ji da kunnenku abin da ya kira ni."

Mun ji. Babu kuma wanda ya musa masa, don dukkanmu aka ce wa sarakuna. Washegari da wannan labarin muka tafi wurin aiki.