Daga Ƙarami Zuwa Babba

Wani ne ya yi shekara goma sha biyu yana jera takalma a kanti, daga ƙaramar lamba zuwa babba. Da aka rufe kantin, mijin yayarsa ya samo masa aiki a wani ƙaramin kamfanin fim. Aka ce gwajin mako guda ne, in ya yi a riƙe shi.

Darakta ya zaunar da shi gaban kwamfuta. "Ga fitowa arba'in, duk an ɗauka an gyara. Jerawa kawai ta rage. Ka iya jeri?"

"Jeri? Yallabai, ai a kansa na yi furfura."

Darakta ya miƙa masa takarda da Turanci, kalma bibbiyu a kowane layi: ga fitowar buɗewa, ga mai bi mata, har zuwa ta rufewa. Mutumin ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya gyaɗa kai kamar ya gane. Darakta na fita, ya ninke takardar huɗu ya cusa ƙarƙashin ƙafar tebur, don teburin na rawa.

Can ya lura kowace fitowa da tsawonta a gefe: wata daƙiƙa arba'in, wata minti uku, wata tara. Ya yi murmushi. "Ashe ma da lambarsu suka zo."

Mai ɗaukar hoto ta leƙo. "Malam, ka kalle su kuwa kafin ka jera?"

"Haba ƙanwata! Ni ban taɓa sa takalmi a ƙafa don in san mazauninsa ba."

Ranar Asabar aka taru kallo, har da mijin yaya. Fim ya buɗe da jana'izar jarumin. Ana gama binne shi, sai ga shi yana wanke mota. Ya saki matarsa. Ta haihu. Likita ya girgiza kai ya rufe jarumin da mayafi. Sai ga jarumin ya tafi ɗaurin aurensa. Daga ƙarshe ya gamu da matar a tasha, ya yi minti tara yana roƙon ta gaya masa sunanta.

Mijin yaya ya nutse cikin kujera, ya rufe fuska da hula.

Darakta ya miƙe yana huci. "Kai! Mutumin da muka binne tun farko, ya aka yi ya dawo yana wanke mota?"

"Yallabai, ni za ka tambaya? Jana'izar daƙiƙa arba'in kuka yi masa. Wanda aka binne da wannan gaggawar, ai dole ya dawo."