Akwatin Lefen Wana Umaru

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai lefen wana Umaru garin Goronyo ba, ko da yake Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawar. Yau furfura ta cika mini kai, amma in abin ya faɗo mini a rai sai in ji kamar in tona rami in shige.

Bari in fara da ciwon da ke damuna a lokacin. Zamanin Turawa ne, ina masinja a Wurno, aikina kai takarda a kan keke. Samarin tsarata wasu na kiwon tantabaru, wasu na kokawa, ni kuwa aka jarabce ni da kwaɗon kulle ƙofa. Ba sata nake yi ba (ina roƙon mai karatu ya yarda da ni a nan), sha'awa ce kawai ta in ga abin da aka kulle ya buɗe ba da mabuɗinsa ba. Nakan tsinci ƙarafan tsohuwar laima da wayar ƙafar keke, in je maƙera in ari magagari, in goge bakinsu har su yi siriri, in lanƙwasa. Guda bakwai na haɗa a 'yar jakar fata. Kwaɗunan da nake gwaji da su duk nawa ne, kuma a ɗaki nake yi, don kowa ya san sunan da ake kiran mai irin wannan gwaninta. Shekara biyu ina fama, babu wanda ya taɓa ce mini sannu. Abin yana cina ƙwarai.

A shekarar zane ya yi wuya, saboda yaƙin da Turawa ke yi can ƙasarsu. Ni dai ban san me mata ke ciki ba. Na ga Innarmu da Gwaggo Kulu, ƙanwar babanmu, suna ta shiga ɗaki suna ƙus-ƙus, daga baya aka fito da akwatin ƙarfe mai nauyin gaske, da sabon kwaɗo a bakinsa. Aka ce ni zan kora jakin in raka mata.

Da muka isa gidan amarya, na sauke akwatin na koma zaure, kamar yadda ya kamata namiji ya yi. Can sai na jiyo muryar Gwaggo daga cikin gida.

"Wayyo ni Kulu! Na baro mabuɗin Wurno!"

Uwar amarya ta amsa nan take: "Ba komi, Kulu. A aje shi ɗaka, randa kunka samu sarari ku aiko da shi."

Mai hankali zai lura da saurin wannan amsar. Ni abin da na ji kawai shi ne ranata ta zo. Kafin in miƙe, wata gwaggon amarya da ta zo daga Rabah, mace mai murya kamar kakaki, ta ce, "Mi? Mun taso tun daga Rabah mu kalli akwati ruhe?"

Na yi sallama na faɗa tsakiyar mata, jakar fata a hannu, ina wani murmushi.

Gwaggo Kulu ta harare ni. "Kai, wa yak kira ka nan? Koma zaure."

"Gwaggo, ai ba sai an koma Wurno ba. Yanzu ni ka buɗe shi."

"Kak ka ɓata muna sabon kwaɗo."

"Ba ni ɓata shi, Gwaggo."

Uwar amarya ma ta sa baki, murya ƙasa-ƙasa: "Ɗana, bar wahal da kanka." Gwaggo ta kai hannu ta mintsine ni a cinya, mintsinin da na yi kwana uku ina jin sa. Na ɗauka shakkar gwanintata suke yi, sai abin ya ƙara tunzura ni. Ta Rabah kuwa ta gyara zama ta ce, "Ku bar shi shi gwada mana, ku ko!"

Na durƙusa. Na sa ƙarfen laima na danne, na zura wayar keke ina lalubawa a hankali. Ban taɓa yin aiki mai kyau irin na ranar ba, ko numfashi goma ban ja ba kwaɗon ya ce ƙas. Wasu 'yan mata suka yi tafi. Don kada a ce ban cika aiki ba, da hannuna na ɗaga murfin, na ja da baya ina jiran guɗa.

Babu wanda ya yi guɗa. Ta Rabah ta ɗauke zanen da ke sama, saƙi mai kyau, ashe shi kaɗai ne. A ƙarƙashinsa tsohuwar tabarma ce a naɗe, sai tsummoki, sai ɗan dutsen niƙan Innarmu da aka sa don nauyi. Ta ci gaba da tonawa, ta zaro wani tsohon wando mai faci a gwiwa, ta ɗaga shi sama da yatsu biyu.

"Wanga hwa? Na amarya ne ko na uwatta?"

A nan ne, jama'a, na ƙarasa abin da na fara. Wata guda ina neman wandon nan a gida. Kafin hankalina ya iso, bakina ya riga ya ce, "La, wandona!"

Wasu suka fashe da dariya, wasu suka rufe fuska da gyale. Uwar amarya ta tashi ta shige ɗaki. Gwaggo Kulu ta durƙusa tana mayar da tsummokin nan ɗaya bayan ɗaya, tana ninke kowanne kamar alharini.

Sai daga baya na gane. Zannuwan da Innarmu ta sa fatake su kawo ba su iso ba, ga rana an sa. Ita da uwar amarya suka shirya a tsakaninsu: a kai akwati a rufe, jama'a su ga nauyinsa, in kaya sun iso a zuba a ɓoye sannan a aiko da mabuɗi. Ko uban amarya bai sani ba. Da labari ya kai masa, ya ce an mai da shi abin wasa, a kwashe akwati, maganar aure kuma sai ya yi tunani.

Washegari muka kamo hanya, ni da jaki a gaba, Gwaggo a baya. Sai da muka hango Wurno ta kira ni. Ta kwance bakin zanenta, ta ciro mabuɗin, ta sa mini a tafin hannu.

"Ungo. Kai ka kai ma uwarka, ka hwaɗa mata da bakinka."

Na iske Inna tana tankaɗe. Na durƙusa na faɗi komai, har da wandon. Na so ta zage ni, na so ta ɗauki muciya. Ta dubi mabuɗin, ta goge ido da bayan hannu, gari ya shafe mata kunci, ta ce, "Kun sha hanya. Ka ci abinci?" Ban taɓa jin na tsani kaina irin wannan lokacin ba.

Sai da dattawa suka yi sawu uku zuwa Goronyo kafin a ɗaura auren bayan kaka, Umaru kuwa ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata. Tun daga nan, in na ji babbar mace ta ce ta manta mabuɗi a gida, sai in ce Allah ya kiyaye gaba, in koma inda maza suke in zauna.