Rasuwar Malam Mamani, Ƙwarangwal ɗin Gidan Hajiya Raliya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwoyi biyu da ba su fi zuciyar lafiya ba, Hajiya Raliya, tsohuwar malamar kimiyya mazauniyar bayan tasha a Dakoro, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar abokin aikinta Malam Mamani, ƙwarangwal ɗin roba, wanda ya cika ranar Talata da hantsi bayan shekara talatin da huɗu a bakin aiki.

Marigayin ya iso garin nan cikin akwati, da ƙashi ɗari biyu da shida, kowanne da lambarsa. 'Yan lakwal, wato ɗaliban makarantar, su ne suka raɗa masa suna, wai ya yi kama da wani mai gadi. Shekara ashirin da ɗaya yana rataye a kusurwar aji. Bai taɓa makara ba, bai taɓa shiga yajin aiki ba, bai taɓa neman a mai da shi Yamai ba. Da Hajiya ta ajiye alli aka ce za a yar da shi, don hannunsa na hagu ya ɓace. Ta ɗora shi bayan kabu-kabu ta ratsa kasuwa da shi tsakar rana. Har yau akwai masu rantsuwa mijinta ne ta tono, alhali Alhaji yana da rai a lokacin, shi ne ma ya buɗe musu ƙofa.

A gida ne ya sami aikinsa na gaskiya. Kowa ya sani, macen garin nan ba ta iya nuna wa majo, babban ma'aikacin likita, inda ke mata ciwo in wurin ya yi ƙasa da cibiya. Sai ta sunkuyar da kai ta ce jikin ne duka. Majo kuwa ya rubuta mata ƙwayar jiki duka. To Malam Mamani ba shi da kunya, ba shi ma da inda zai ajiye ta. Mace ta shigo, ta ɗaura masa jan zare daidai inda abin ke cinta, Hajiya ta duba ta rubuta sunan wurin da Faransanci a 'yar takarda, a kai wa majo. Ta haka aka gano Zara mai ƙosai ba mayu ke lasar ta ba, amosanin gaɓɓai ne, guringuntsin gwiwa ya zaizaye. Balkisu kuwa ƙashin baya ne ya danne mata jijiya, ladan shekara talatin na ɗaukar ruwa a ka. Kafin nan dukkansu sanyi ne. A Dakoro, inda buta ke lanƙwashewa in an manta ta a rana, ba a taɓa rasa sanyin da zai shiga ƙashin mace ba.

Mutum ne mai ƙarancin magana. In iska ta kaɗa ya ce ƙwaras-ƙwaras. In an faɗi shirme a gabansa aka kuma bugi ƙarfen da yake rataye, muƙamuƙinsa ya ce kaf. Hajiya ba ta taɓa jin ya faɗi kaf ɗin nan bisa kuskure ba.

Zare na ƙarshe na Uwale ne, matar Na'Allah mai sayar da gawayi. Ta faɗo daga amalanke a hanyar Adjekoria, ta yi wata huɗu tana jan ƙafa, ƙafar kuma sai gajarta take. Ta ɗaura zarenta a wuyan ƙashin cinya, inda yake shiga ƙugu. Majo na ganin takardar ya ce sai an ɗauki hoton ƙashin a Maradi, in ba haka ba ƙafar ta tafi. Na'Allah ya ce sanyi ne, uwarsa ma ta yi irinsa, man shanu da zafin wuta suka warkar da ita. Uwar tasa da rarrafe ta ƙare rayuwa, amma ba a tuna wa mutum wannan a ƙofar gidansa.

Don haka Hajiya ta sa aka ɗauki marigayin har zauren Na'Allah, ya gani da idonsa. Mai gida na ɗaga kai ya yi salati, ya ce a fitar masa da wannan aljanin, ya kaɗa hannun riga ya ture shi. Rana ta riga ta cinye robar, ta bushe kamar karan bara. Malam Mamani ya faɗi, ya ce ƙas, sau ɗaya. Da aka duba, wuyan ƙashin cinya ne, daidai kan zaren.

An kira Sallau mai ɗori. Hajiya tana shaida cewa Sallau ya iya targaɗe, ya iya mai da kafaɗar da ta goce. Ya zo, ya jera kara, ya ɗaure da tsumma, ya tofa, ya ce kwana arba'in. Ya hana majinyacin tafiya da cin tsami, marigayin kuma ya kiyaye duka biyun. Ranar Talata aka kwance, ƙashi ya faɗo gida biyu. Sallau ya juya shi, ya shinshina, ya ce sanyi ya shiga. A nan Hajiya ta rufe wa marigayin fuska da zane. Cikin kwana arba'in ɗin nan Uwale ta daina iya kaiwa bakin rijiya.

Marigayin ya bar Hajiya Raliya, da jan zare goma sha tara a jikinsa, da hannun hagu da ba a san inda yake ba, da Abdulhakim mai tallar ƙwayoyi a tire, wanda ya riga kowa zuwa gaisuwa, bakinsa har kunne.

Ba a nema masa gafara, don bai yi komai ba. Ba za a kai shi maƙabarta ba, liman ya tabbatar roba ce.

Za a yi rakiyarsa ranar Litinin, da motar farko ta Maradi. Malam Na'Allah, wanda bai taɓa fashin jana'iza a unguwar nan ba, wanda kuma a zaurensa abin ya faru, an roƙe shi ya jagoranci rakiyar. Ya tambaya ko akwai kujerar gaba, aka ce akwai. Ya ce shi asibiti ne ya hana, bai taɓa hana iyalinsa rakiyar mamaci ba. Saboda haka Uwale, wadda ita ce ta ƙarshe da ta taɓa marigayin da lafiyarsa, za ta zauna kusa da gawar.

Za a yi bankwana ƙarfe goma, a ƙofar ɗakin hoton ƙashi. Teburin ɗakin mutum ɗaya yake ɗauka, marigayin kuma ba ya iya hawa. Uwale za ta hau a madadinsa.