Ragon Da Ya Ci Landiroba

"Lahiya lau nit tashi, sai dai ganinka da niy yi. Allah shi sa ranar ga ta ƙare lahiya."

Abin da Hajiya Sadiyatu ta mayar wa jikanta Junaidu ke nan, yana tsugune bai ko gama gaisuwa ba. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno, carbi a hannu, bayanta kuma tsohuwar Landiroba ce ta mijinta, marigayi Malam Attahiru, wadda ta shekara tara a ƙarƙashin rumfa a gidansu na Runjin Sambo. Shekaranjiya aka gwada tura ta, sai bayanta ya yi ƙara ya zauna. Nan take babban ɗanta Hashim, uban Junaidu, ya yanke magana: bayan la'asar ɗin yau 'yan gwangwan za su zo su yanka ta su auna a sikeli, sai fa in Junaidu, da yake mai walda ne, ya duba ya ce tana gyaruwa. Shi ya sa tun da asuba Hajiya ta kwance ragunanta biyu daga gindin motar ta kai su bayan madafa, ta share wurin tas, ta watsa sabon rairayi. Ba ta gaya wa kowa dalili ba.

"To amarya, in ganina bai yi miki ba, sai in koma. Shago nib bari buɗe."

"Amaryar wa? Allah shi tsare ni da miji mai warin ƙonannen ƙarhe. Dibi idanunka awa gauta, walda ta cinye su. Da su za ka duba motar Malam?"

"Da su dai. Ai da su niz zaɓe ki, kin ga ko lalle ba su gani."

"Zaɓe! Shekara talatin kana kirana matarka, ko ƙwayar goro ban taɓa gani ba."

"Goro da wane haƙori? Ina majinyaciyar take?"

"Majinyaci na gidanku. Motag ga ta girme ka, ta girmi uwarka, kuma ta hi ku duka lahiya. Taɓa jikinta ka ji, ko ɗigon tsatsa babu."

"Jikin ai alminiyam na, ba ya tsatsa. Ƙashin bayanta za a duba, wanda muka ce ma shasi. Shi ad ɗauke da inji da bodi da taya duka. Ke da ita halinku guda: huska sumul, ƙashi ya gama aiki."

"Ƙashin ga dai shi yag goyi ubanka, mara kunya."

Junaidu ya shimfiɗa buhu, ya zura kansa ƙarƙashin motar da ƙaramar guduma. Hajiya ta tsayar da jan carbi ta kasa kunne. Macen da ta yi shekara sittin tana ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa kafin ta saya ba ta bukatar a fassara mata kukan ƙarfe. Daga gaba ƙal, ƙal, kamar sabuwar tasa. Tsakiya ma haka. Da gudumar ta wuce tayar baya sai ta ji ɓus, kamar an bugi ruɓaɓɓen kabewa. Fuskarta dai ko gezau.

Ya fito da bayansa, tafin hannu cike da jajayen ɓawo.

"Ga ƙanzo, amarya. A jiƙa miki ko a daka?"

"Kai wa uwarka ta yi maka kunu. Kai kah hwasa shi da gudumakka, kowa ya ji."

"Da yatsa nit tura, yatsan yab ɓulla waje guda."

"To aikin 'yan'uwanka na, masu walda. Ku liƙa yau, gobe ta ɓalle. Ko ƙyauren banɗakina da kal liƙa, iska kaɗai ta yi mai sallama yah hwaɗi."

"Wutar walda ba ta taɓa sauka wurin ga ba tun da anka ƙera ta."

"To mai gidanku na," ta ce, don ba ta kama sunan ɗan fari. "Shi da ba ya ganin rami. Buhu ashirin na shinkahwa shika ɗora mata daga hwadamar Kwalkwalawa."

"Lodi lanƙwasa ƙarhe shika yi, ba ya maida shi garin yaji. Kuma mi yas sa gaba lahiya lau, baya kaɗai yar ruɓe? Ruwa ba ya tsami banza, Hajiya." Ya shinshina hannunsa, ya yamutsa fuska. "Wane irin wari na wanga?"

"Gwano dai ba ya jin warin jikinai."

"Kuma yaushe kika share ƙarƙashin mota har da sabon rairayi? Ke da ko tsakar ɗaki sai an roƙe ki?"

"Tsabta cikon addini ta. Da ka zauna makaranta da ka sani."

Ya sake zura hannu, ya zaro guntun igiya baƙa ƙirin, ta ci ƙarfen har ta yi masa wuya.

"Wagga hwa? Ita ma cikon addini ta?"

"Ta Malam ta. Da ita shika jan motocin mutane."

"Da igiyar kaba? Da kashin rago manne gare ta?"

Hajiya ta buɗe baki za ta ba shi amsar da za ta ishe shi har gida, sai ga ƙarar faɗuwar kwano daga bayan madafa. Babban ragon ne, fari mai baƙin kai, wanda ta yi wata bakwai tana kiwo domin layya. Ya tsinke igiya, ya taho yana taku ɗai-ɗai kamar mai gari. Bai dubi kowa ba. Kai tsaye ya wuce gindin motar, ya tono sabon rairayin da ƙafa, ya tsaya ya saki fitsari a inda ya saba. Da ya gama sai ya ɗaga kai ya kama lasar ƙarfen, yana lumshe ido.

Junaidu ya zauna daɓas a ƙasa.

"La ilaha illallahu! Ga mai shaida ya iso."

"Ban san shi ba. Na maƙwabta na."

"Na maƙwabta da layar da kid ɗinka mai ga wuya?" Ya tashi ya buɗe ƙofar baya ya leƙa. Buhun kanwa, buhun gishiri, kwanon dusa, duk sun jiƙe sun bushe sun yi fari, sun bi ta kowace kafa sun sauka kan ƙarfen. "Shekara tara! Kanwa da gishiri daga bisa, hitsari daga ƙasa, halshen rago ga tsakiya. Ko gada ta, da ta rushe. Hajiya, kin jiƙa motar Malam awa mai shirin dahwa wake!"

"Laihi tudu na. Kai ina kake shekara taran? Kullum ka zo ka ci tuwona ka side hannu, ka taɓa duƙawa ka dubi ƙarƙashinta?"

"Ni dai tuwo nic ci. Wanga mota yac ci." Ya zaro waya daga aljihu. "Bari in ce ma Baba su taho da sikeli. In sun gama da ita sai su ɗora ki, ko da yake ke ba ki kai kilo ba."

Ta dubi motar, ta dubi ƙasa, ta ja ƙwayar carbi ɗaya.

"Inuwatta nika zama in na gama la'asar," ta ce a hankali. "Shi yas sa nik kawo su kusa, in riƙa jin motsi. Cikinta anka ɗauko ni ranar da niz zo gidan ga. Cikinta anka hita da gawar Malam."

Ragon ya ci gaba da lasa. Junaidu ya juya wayar a hannu, ya mayar da ita aljihu, ya share maƙogwaro.

"To ki bar ɓata huska, dama yaya lahiyar kura. Tana gyaruwa."

"Ƙarya kaka yi, ɗan walda."

"Sai an ɗaga bodin bisa ganguna, a yanke shasin daga bayan taya inda yake da rai, a dasa wani, a liƙa mai goyon ƙarhe ciki da waje. Mode bakanike na Arkilla yana da gawar irinta, gabanta ya murƙushe amma bayanta garau. Na roƙe shi har na gaji, yac ce ko mi za a ba shi ba ya saidawa." Ya saci kallon ragon. "Sai dai matatai ta haihu ran Alhamis. Har yanzu bai samu na suna ba."

Hajiya ta bi idonsa. Ta dubi ƙahon, ta dubi gadon bayan da ta gina da harawa da dusa tun kaka.

"Ashe ba mai walda anka aiko man ba, kura ta."

"Wanda yac ci shi ka biya. Haka shari'a tac ce, ke ta ɗiyar malamai."

"Da mi zan yi layya?"

"Ga ƙaramin can. Daidai haƙoranki."

"In kuma ka liƙa ta awa ƙyauren banɗakina, ta rabe biyu bisa hanya?"

"Ai ke za ki zauna baya. In ta rabe na huta, saki ba takarda."

Dariya ta ƙwace mata, ta rufe baki da gefen mayafi tana istigfari. Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta kama guntuwar igiyar ragon, ta kwance layar wuyansa ta ƙulle a bakin zane, sannan ta danƙa wa Junaidu igiyar.

"Ungo. Ka ce ma mai gidanku ya sallami masu sikeli. Kuma ranar da tat tashi, gaba zan zauna, kujerar da nis saba, ka kai ni Kwalkwalawa in ga shinkahwa."

"An gama, amarya."

"Tahi ka ba ni wuri. Kaico da ni! Ko'ina miji ka kawo rago, ni nawa ya zo hannu wohi ya hita da shi."