Ranar da Aka Ce in Danna Hon

Shekarar da soja suka koma bariki na kai tsohon mashin ɗina wajen masu duba lafiyar ababen hawa, ina ji da kaina. Na ɗaure birki, na canza suɗaɗɗiyar taya, madubi ma biyu na sa. Da shi nake raba burodi daga Barnawa zuwa Gonin Gora, in aka riƙe shi ba a ɗora tukunya a gidana.

Jami'in ya zagaya mashin yana gyaɗa kai. Har na fara ba mutanen layi shawara.

"Malam, danna hon," in ji shi.

Har yau ina mamakin yadda aka yi. Yatsana ya danna, bakina kuma ya buɗe da kansa: "Ɗiit! Ɗiit!" Shekara shida da mutuwar hon ɗin, da baki nake yi, har na manta.

Jami'in ya leƙa ƙarƙashin fitila, ya ɗago ya dube ni. "Sake dannawa, amma rufe bakinka."

Shiru. Kwana uku mashin ya yi a hannunsu.

Yanzu ko majalisa na doso, sai bakanikenmu Danladi ya miƙe. "A ba da hanya! Baba, batirin bai sauka ba?"