Rasuwar Akwatin Sitiyarin Motar Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da babban yatsa ɗaya naɗe cikin bandeji, ɗan'uwanmu tela, wanda ya laƙaba wa kansa suna Injiniya, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar akwatin sitiyarin tsohuwar motar mahaifinsa. Marigayin ya cika ranar Talata da hantsi a tsakar gida, yana da shekara hamsin da ɗaya, bayan gajeriyar jinya wadda mai jinyar ne ya ƙirƙiro ta.

Duk wanda ya zauna da marigayin ya shaida haƙurinsa. Rabin ƙarni yana karɓar saƙo daga sitiyari yana kai wa tayoyi, ba ƙari ba ragi. Ya kai mata asibiti haihuwa, ya kauce wa awaki da ramuka ba iyaka. Ba shi da surutu. In an sha kwanar hagu ya ce ƙiiii, in ta dama ce ya yi ɗan ƙwas, shi ke nan. Shekara tara da rasuwar Baba ba wanda ya ɗiga masa mai, bai kai ƙarar kowa ba.

Asalin ciwon daga Yaya Babba ne, wanda ya daɗe yana hangen gurbin motar don ya gina shago. Ya yanke hukunci cewa ko dai motar ta fita da ƙafarta kafin ƙarshen wata, ko masu sayen tsohon ƙarfe su zo su kwashe ta. Injiniya kuwa yana son motar nan har cikin ransa, don ƙamshin Baba bai gama fita daga kujerunta ba. Ya rufe keken ɗinki mako biyu, ya lallaɓa injin har ya tashi. Abin da ya rage kawai a zuba wa marigayin mai, kuma ya gani a wayarsa cewa akwai wani noti a samansa da ake kwancewa a zuba.

Noti ya ce bai san zancen ba. Makaniken unguwa ya leƙa, ya ce, "A jiƙa shi da man birki, a ba shi kwana uku. In ya ƙi, a ƙyale shi." Injiniya ya ba shi minti ashirin. Ya sa sifana har kan notin ya mulmule. Ya sa guduma, ta sauka a yatsansa. Ya gasa notin da wuta. Daga ƙarshe ya aro sifanar mai gyaran famfo, ya zura mata bututun ƙarfe mai tsawon mutum, ya rataya da duk nauyin da Allah Ya ba shi. A nan marigayin ya furta kalmarsa ta ƙarshe: ƙas. Gaskiya dai notin ya fito, sai dai ya fito da rabin akwatin a jikinsa.

Ɗan sauran man da ke ciki ya soma malala ke nan sai ga Inna, mahaifiyarsu. Ta duƙa ta dubi ɓaraguzan.

"Wannan ai babanku ne ya sa aka liƙe shi da walda tun kana goye, da zarensa ya cinye. Ta murfin gefe yake zuba mai. Ni ke riƙe masa mazurari."

"Inna, me ya hana ki faɗa?"

"Sau uku na zo na tsaya a kanka. Ka ce in matsa, aikin maza ake yi."

Marigayin ya rasu ya bar tayoyi huɗu, biyu sun yi sanƙo, da injin da yanzu ke tashi bugu ɗaya amma ba inda za shi, da kuma aminiyarsa sitiyari, wadda ke ta juyi ba ta haɗe da komai. Bai bar magaji ba. An zaga kasuwar kayan gyara rumfa rumfa, an ce irinsa an daina ƙera su tun kafin a haifi masu rumfunan. Mai walda ya duba gawar, ya rufe ta da tsumma, ya ce a yi haƙuri.

Ana karɓar ta'aziyya a shagon ɗinkin mai makoki. Masu zuwa da bayanin yadda ya kamata a yi, ana roƙonsu su ajiye shi a gida. Yaya Babba ma yana karɓar gaisuwa a tsakar gida, za a same shi da igiyar awo a hannu.

Za a fitar da gawa ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, tare da motar gaba ɗaya, zuwa bakin titi inda babbar motar masu sayen tsohon ƙarfe za ta jira. Tunda ba mai juya tayoyi, ana neman ƙarti shida da za su ɗaga gabanta a kwanar layi. Inna ta ce za ta zauna a kujerar gaba, mazauninta na shekara arba'in, har bakin titin. Injiniya ya roƙi a bar shi ya riƙe sitiyari karo na ƙarshe. Ta ce a'a, ya koma baya ya tura, tunda ƙarfi gare shi.