Yadda Ake Hawa Jirgi da Allurar da Ka Rantse Ba Za Ka Yi Ba

Idan kana cikin waɗanda suka cika baki a kan allurar korona, sai kuma tafiya ta taso maka zuwa ƙasar da ba a shiga sai da katin rigakafi, to kwantar da hankalinka, ka zo wurin gwani. Ni Mustafa Gana, manomin shinkafa da alkama a fadamar Haɗeja, na bi hanyar nan daga farkonta har ƙarshenta a shekarar 2021, kuma ina ba ka tabbacin duk wanda ya bi matakan nan sau da ƙafa sai ya hau jirgi. Ranar da zai hau ce kawai ban ɗauki alkawari a kanta ba.

Mataki na ɗaya: Cika baki tun da wuri

Kada ka jira a tambaye ka. Ranar da aka ce allura ta iso gari, nemi wuri mai kyau a kan benci, ka gyara zaman hula, ka fara bayani. Mu majalisarmu a gindin dogonyaron Gwadabe mai shayi take, mu bakwai, kullum bayan La'asar. A nan na shaida wa jama'a cewa mutumin da sauron fadama ya shekara hamsin da biyu yana cizo bai kashe ba, ba mura ce za ta kai shi layin allura ba. Na ce duk wanda ya miƙa kafaɗarsa, nan da shekara biyu a neme shi a rasa. Da Gwadabe ya tambaye ni inda na ji, na ce a waya, kuma mai maganar sanye yake da farar riga irin ta likitoci.

Ka rufe da rantsuwa. Magana ba rantsuwa ana iya janye ta cikin sauƙi, kai kuwa ba sauƙi ka zo nema ba. Ni sau uku na rantse, a gaban shaidu shida da wani baƙo mai sayar da albasa.

Mataki na biyu: Ka zama kana da wani naka a ƙetare

Wannan ba kai za ka shirya shi ba, Allah ne ke shirya shi. Ni tawa Yaya Mairo ce. Ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ta riƙa raba ni da faɗa a bakin kogi, ita ta sayar da awarwaronta ta saya mini garmata ta farko. Aure ya kai ta Makka ina saurayi, ta zauna can, ta haihu can, ta yi jikoki. Rabona da ita shekara goma sha biyu, tun da na je aikin Hajji.

Tsakiyar damina 'yarta Najwa ta turo mini saƙon murya da Hausarta mai gauraye da Larabci. Ta ce ciwon ƙodar Umma ya tashi, likitoci sun yi iyakar nasu, kuma ba ta da magana sai ta ƙaninta. Ta ce an buɗe Umara ga baƙi, amma sai mai cikakkiyar allura. A ƙarshen saƙon na ji muryar Yaya daga nesa, a shaƙe, tana cewa, "Ce masa ya zo in gan shi."

Na saurari saƙon nan sau huɗu a tsaye a kan kunyar gona. Wallahi na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Mataki na uku: Yi shawara da kanka, kada ka yi gaggawa

Matarka za ta ce maka ga asibiti nan bayan layinku, ka je gobe da safe a yi maka. Haka Binta ta ce mini. Kada ka saurare ta. Mata ba su san nauyin benci ba. Ka bayyana mata cewa ƙofar asibitin tana kallon shagon mai faci, mai faci kuwa surukin Gwadabe ne, kafin a zare allura daga jikinka labari ya riga ka isa majalisa.

Binta ta dube ni ta ce ita dai ba ta taɓa jin an binne mutum saboda an yi masa dariya ba. Na ce mata ba ta fahimci siyasar gari ba ne. Mako biyu na yi ina wannan nazari, kuma duk yamma ina zuwa majalisa ina ƙara wa maganata gishiri, don kada a ga na yi sanyi a zargi wani abu.

Mataki na huɗu: Tafi inda ba a san ka ba

Zaɓi gari mai nisa. Ni Guri na zaɓa, lokacin ruwa ya cika ya shanye hanya. Na ce wa mutanen gida zan je duba irin shinkafa. Ɗan acaba ya kai ni iyakar inda babur ke iya zuwa, daga nan na naɗe wando na shiga kwalekwale tare da buhunan gero da wata akuya da ta yi ta kallona kamar ta san abin da ya fito da ni.

Ka sa takunkumi. Wannan ce ranar farko da za ka ga amfaninsa, domin yana rufe rabin fuska. Ni har da tabarau na ara.

Sai dai ka sani, fadama ba ta da girman da kake zato. Ina isa gaban teburin malamar asibiti, ta ɗaga biro ta ce, "Baba, sunanka?" sai na ji tari a bayana. Na waiga, ga wani mai kifi da nake gani duk ranar kasuwar Haɗeja. Ban tabbata ya gane ni ba, har yau ban tabbata ba. Amma bakina bai jira tabbaci ba.

"Abdulmannan," na ce. "Abdulmannan Adam."

Ban taɓa sanin wani Abdulmannan ba a rayuwata. Da ta tambayi shekaru na ce arba'in da biyar, tunda dai an fara, gara a yi mai kyau. Baiwar Allah ta rubuta abin da aka gaya mata a kati, ta shigar a na'ura, ta yi mini allura, ta ce in dawo bayan mako shida. Na fito ina yaba wa kaina da basira.

Mataki na biyar: Ɓoye hannu, ci gaba da wa'azi

Kafaɗa za ta yi tsami, zazzaɓi zai ɗan taɓa ka. Ka ce sauro ne. Idan za ka ɗauki kofin shayi, ɗauka da dama, hagu kuwa ka bar ta a kan cinya kamar mai natsuwa. Idan wani ya dafa ka a daidai wurin, ka yi salati a hankali, za a ɗauka tsoron Allah ne.

Abu mai wuya a matakin nan shi ne waya. Duk Juma'a Najwa kan kara wa Yaya waya a kunne, ita kuma tambayarta ɗaya ce, yaushe. Ina ce mata ana ta shirye-shirye, takardu ne suka yi yawa. Sai ta ce Allah ya sawwaƙe, ta shiga tambayata ko ruwa ya ci gonar gidanmu ta gabas, ko har yanzu ana samun tarwaɗa a ƙarƙashin gada. Muryarta tana raguwa mako bayan mako, ina ji.

Na koma Guri, aka yi wa Abdulmannan allura ta biyu. Aka ce sai an ƙara kwana goma sha huɗu kafin ta zama cikakkiya. Na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, lokacin har an fara yankan shinkafa.

Mataki na shida: Kai takardunka wurin ejan da ƙarfin gwiwa

Ka shiga motar Kano da sassafe, ka sa babbar riga. Ejan ɗina mai shirya biza da tikiti, Alhaji Khalid, mutum ne mai sanyin magana. Ya ajiye fasfo a dama, kati a hagu, ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Alhaji, shi Abdulmannan ɗin yana waje ne?"

Na ce ai ni ne. Ya ce to shi kuma Mustafa Gana fa. Na ce shi ma ni ne. Sai ya bayyana mini, yadda ake yi wa mara lafiya bayani, cewa a wurin masu jirgi da masu biza, Abdulmannan yana da allura amma ba shi da fasfo, Mustafa yana da fasfo amma ba shi da allura, don haka babu mai tafiya a cikinsu. Na ce to a sake yi mini wasu allurai biyun da sunana. Ya ce jikin mutum ba buhu ba ne, kuma ko an yarda, wata biyu ne nan gaba. Hanya ɗaya ta rage, a gyara sunan a na'ura. Wannan kuwa sai da takardar mai unguwa, da shaidu biyu da suka san ni tun ƙuruciya, da rantsuwa a kotu.

Duk duniya mutanen da suka san ni tun ƙuruciya suna zaune ne a kan benci ɗaya.

Mataki na bakwai: Tona asirin kanka da bakinka

Zaɓi lokacin da majalisa ta cika, tunda ko ka zaɓi wani lokacin sai ta cika. Na tsaya a gabansu ban zauna ba, na faɗi komai, har akuyar. Na sunkuyar da kai ina jiran dariya.

Ba wanda ya yi. Gwadabe ya ajiye butar shayi, ya cire hularsa, ya zaro wani kati a naɗe cikin leda daga cikinta ya miƙo mini. An yi masa ta farko tun kafin azumi. Na kusa da shi ya ciro nasa daga aljihun gaba. Liman, da ke can ƙarshen benci, ya ce nasa yana gida cikin littafi. Su shida, duka, a asibitin bayan layinmu, da rana tsaka.

"To me ya hana ku faɗa mini?" na ce.

"Bakinka, Gana," in ji Gwadabe. "Kai da ka ce shekara biyu ta rage mana, wa zai zo ya ce maka ga shi ya yi?"

Wato wata bakwai ina yi wa mutanen da suka riga suka yi allura wa'azin kada su yi, suna gyaɗa kai suna shan shayi. Dariyar ta zo daga baya, kuma har yau ba ta ƙare ba. Yanzu ko yaran unguwa Baba Abdulmannan suke ce mini. Amma a ranar Gwadabe rufe teburinsa ya yi ya raka ni gidan mai unguwa, washegari kotu, sannan Guri, inda malamar ta dube ni ta ce, "Baba, har shekarun ma?" Gyaran ya ci mako uku da kwana biyu kafin na'ura ta yarda ni ne ni.

Mataki na takwas: Miƙa hanci, riƙe takardu

Daga nan komai sauƙi ne. Biza za ta fito. Za a zura maka tsinke a hanci har ka ji shi a ƙeya, a ba ka takardar da ke cewa ba ka ɗauke da cutar, mai aiki na 'yan kwanaki kawai, don haka ba zancen zagaya dangi sallama gida-gida. A filin jirgin Kano tebur biyar na tsaya, kowanne na miƙa kati da fasfo ina kallon ma'aikacin ido cikin ido, suna ɗaya, shekaru ɗaya. Ban taɓa alfahari da sunana kamar ranar ba.

Kafin mu shiga jirgi na kira Najwa na ce a ba ni Yaya in yi mata albishir. Ta ce, "Jikin ya yi nauyi, Kawu. Ka dai taho." Ni da kaina na sha gaya wa matafiya wannan maganar a waya, na san lokacin da ake faɗarta. Amma na ce wa zuciyata Hausar Najwa ce ba ta nuna ba, na gyara takunkumi na hau.

Mataki na tara: Isa

Najwa ce ta buɗe mini ƙofa. Ban taɓa ganinta da girmanta ba sai a hoto, amma tsayuwar uwarta ce sak. Ta kai ni ɗakin Yaya. An naɗe katifa an jingine a bango. Ranar Litinin aka yi rasuwar, ni kuwa na sauka Alhamis.

Ta ce tun ranar da na ce ina zuwa, Umma ta sa aka juya mata gado ya fuskanci ƙofa. Maƙwabta in sun zo dubiya suka tambaya ina ƙanin nan da ake ta jira, sai ta ce musu dokokin gwamnatoci ne suka riƙe shi, cuta ta sa an rufe duniya.

"Kullum cewa take, Gana bai taɓa saɓa mini ba. Da a hannunsa ne, da tuni ya zo."

Najwa ta ce in yi haƙuri, ba laifina ba ne. Na buɗe baki, ni da ban taɓa rasa abin faɗa a kan benci ba, na rufe. Na zauna a ƙasa a inda gadon yake na yi kuka kamar yaron da ta goya.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba likita ba ne, ba ejan ba ne, ba kuma mutumin da ya kamata a nemi shawararsa ba ne a kan komai in ban da lokacin shuka alkama. Ya yi alkawarin za ka hau jirgi, kuma za ka hau. Idan ka bi matakan nan ka sauka lafiya, takardunka cif, ka tarar an naɗe katifa, kada ka zo gindin dogonyaro nemana. Ka nemi wanda za ka ɗora wa laifin da kanka. Ni na duba gwamnati, na duba masu jirgi, na duba cutar, har Abdulmannan na duba, ban samu kowa ba sai Mustafa Gana.